Aikin ɗakin kamara a gidan caca: in karɓa ko in bari?

"Salamu alaikum babban yaya. Ni ɗan Gusau ne, na gama HND a kwamfuta a Kaura Namoda, na yi bautar ƙasa a Legas, shekara biyu ke nan ina zaune ba aiki. Wani abokina da muka yi sabis tare ya ce otal ɗin da yake aiki suna neman mai zama ɗakin kamara, amma ɓangaren gidan caca ne. Ya ce ba ruwana da cacar, kallo kawai zan riƙa yi. Na ji an ce ka taɓa irin wanga aiki. Don Allah mi ake yi a ciki, yana da gaba, kuma in mutum bai son gidan caca akwai inda zai kai wanga ilimi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya uku ka haɗa: mi aikin yake, ina yake kai mutum, kuma akwai wata ƙofa ko babu. Akwai ta huɗu da ba ka rubuta ba amma ina jin motsinta, wato halas ne ko haram, ita ma zan taɓa ta iya inda bakina ya kai. E gaskiya aka gaya maka, na yi shekara huɗu da 'yan watanni a irin wanga ɗaki a Legas, daga nan na koma sashen bincike na wani banki, yanzu kuma ina gida ina haɗa wa mutane kamarori, in kuɗin ɗan kasuwa ya yi ƙafa kuma a kira ni in bi sawu.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba da ya ce ba za ka taɓa karta ba, amma maganar "kallo kawai" ɗin nan ka ajiye ta gefe, shi da alama ba a ɗakin yake aiki ba.

Abin da ɗakin yake tsarewa

Sai ka fara gane yadda gidan caca ke cin riba kafin ka gane mi ya sa suke kashe kuɗi a kamara. Ɗauki faifan nan mai juyawa da ake jefa ɗan ƙwallo a ciki, rulet. Ramuka 37 gare shi, daga 0 zuwa 36. In ka sa a lamba ɗaya ka ci, ninki 35 za a biya ka, alhali da adalci ne ninki 36 ya kamata. Wanga ɗan giɓi shi ne abincin gidan, a kowace naira 100 da aka zuba, in an daɗe ana yi, naira 2 da kwabo 70 tasu ce. A Amurka suna ƙara rami ɗaya ya zama 38, ribar ta haura kashi 5. To ka ga ba sai sun yi maguɗi ba, lissafi ne ke yi musu aiki, ɗan caca in ya daɗe a teburi dole ya tashi da ƙasa da abin da ya zo da shi. Amma ribar siririya ce, dila ɗaya, wato ma'aikacin da ke raba karta ko juya faifan, in ya haɗa baki da kwastoma zai iya cinye ribar teburin ta wata guda a dare ɗaya. Saboda haka aka yi ɗakin. Kai mai gadin wagga riba ne, ka riƙe wannan don za mu dawo kanta.

Da can kafin kamara, a Las Vegas mutane ake ɗorawa a saman silin suna tafiya a kan katako suna leƙo ƙasa ta madubin da na ƙasa ba ya ganin na sama. Yanzu kamarori ne, wasu a kafe kan kowane teburi, wasu kuma kana juya su da ɗan sanda a hannunka kana jawo hoto har ka karanta lambar da ke jikin karta. Ɗaki ne mai sanyi da duhu, ba taga, ƙofa a kulle, ko manajan gidan cacar ba ya faɗo maka haka nan, don shi ma ana kallonsa. Ba a yarda ka yi abota da dila ko kashiya ba, ba cin abinci tare, ba shiga mota ɗaya. Ni na yi shekara biyu ina kallon hannun wani dila kullum, na san yadda yake karkata wuya in ya gaji, amma bai san fuskata ba.

Kuma ba fuska ake kallo ba, hannu ake kallo da ƙa'ida. Kowane motsi na dila yana da tsari: yadda zai jera ƙwandalolin robar da ake caca da su ashirin ashirin, ya yanka su biyar biyar a baje yadda kamara za ta ƙirga, yadda zai buɗe tafin hannunsa sama da ƙasa kafin ya bar teburi ko in zai sosa jikinsa, rigarsa ma ba aljihu. Duk inda aka tsallake ƙa'ida ɗaya nan za ka tsaya. Mafi yawa mantuwa ce, kaɗan ne sata, amma ba ka san wanne ne ba sai ka koma baya. Shi ya sa wata ukun farko ba kamara aka koya mini ba, lissafin biya aka koya mini, sai na iya faɗin nawa za a biya mutum kafin dila ya gama turawa, in ba haka ba ya za a yi in san ya ƙara masa? Kai da ka taso gidan da ko ludo ba a yarda a sa kuɗi ba, ka sani sai ka iya wasannin nan ciki da waje, har ka fi masu yin su.

Na kwastoma kuma salonsu sananne ne. Akwai mai ƙara kuɗi bayan ƙwallo ya riga ya faɗa rami, akwai mai zare nasa in ya ga ya faɗi, akwai mai yi wa karta alama da farce. Akwai kuma wanda ko lauya sai ya yi gumi, kamar na Phil Ivey, shahararren ɗan karta na Amurka, da ya ci fam miliyan 7.7 a gidan cacar Crockfords a Landan a 2012. Bai taɓa kartar da hannunsa ba, zanen bayanta ne ke da ɗan bambanci tsakanin gefe da gefe, sai shi da abokiyar wasansa suka riƙa roƙon dila ta juya musu wasu kartoci wai don sa'a. Da aka koma kan bidiyo aka gane dabarar aka hana shi kuɗin, aka yi ta shari'a har kotun ƙolin Birtaniya ta ce maguɗi ne a 2017. Masu binciken gidan ne suka yi ta maimaita wanga bidiyo har suka gani.

Wanda ni na kama da kuskuren da na yi

Nawa bai kai wannan ba ko kusa. Wani teburi ne ribarsa ta riƙa zama ƙasa da ta sauran, mako bayan mako, oganmu ya ce in duba. Na kwashe kusan sati uku ina kallon tsohon bidiyo bayan na gama shif, har na lura da wani kwastoma da ba ya zuwa sai ranar da wani dila ke aiki, ba sa gaisawa, ba sa haɗa ido, wannan ma shi ya fara ba ni mamaki don kowa na gaida dila. In zai biya shi sai ya tura jerin ƙananan ƙwandaloli ba tare da ya baje su ba, ashe akwai babba guda a ƙasan jerin. Daƙiƙa biyu ne abin. Na yi murna na rubuta rahoto na ce "dila ya saci kuɗi ya ba abokinsa". Oga ya karanta ya turo mini takardar ta kan tebur ya ce kamara ta nuna maka abokinsa ne? Ta nuna maka sata? Rubuta abin da ka gani. Sai na koma na rubuta ƙarfe kaza da minti kaza, kamara mai lamba kaza, dila ya tura jeri bai baje ba, kwastoma ya ɗaga, ga ƙwandala mai launi kaza a ƙasa. Sannan aka gano agogon na'urarmu ya yi gaba da na kashiya da minti bakwai, ni ne ya kamata in daidaita shi ban yi ba, da kotu aka je da wannan minti bakwai ɗin lauya zai kwance mu. Korar dilan kawai aka yi shiru.

Ka ga ainihin sana'ar ke nan. Ganin abu kashi ɗaya ne, rubuta shi yadda zai tsaya a gaban alƙali shi ne sauran. Dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 ta ce duk abin da ya fito daga kwamfuta, har da bidiyon CCTV, sai an haɗa shi da bayanin cewa na'urar tana aiki daidai lokacin da ta ɗauka da yadda aka ciro shi. Yaro ya kwafo bidiyo a filas ya tura ta WhatsApp ya ce ga shaida, ni dariya yake ba ni. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, in ka ɗauki hoton wani babban mutum a sikirin da wayarka ka yaɗa, aikinka ya ƙare kuma wataƙila ba a nan zai tsaya ba. Mu ko waya ba a bari mu shiga da ita.

Ɗayan ɓangaren: masu binciken gidan cacar kansa

Mutane na haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba. Mai ɗakin kamara ma'aikacin gidan caca ne, mai bincike kuma na hukuma ne, shi gidan yake tuhuma. A Amurka jihar Nevada ta halatta caca a 1931, ta kafa hukumar sa ido a 1955, jami'anta har kama mutane suke yi. Mu nan akwai dokar caca ta ƙasa ta 2005 da hukumarta NLRC, amma a Nuwamban 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa harkar caca ta jihohi ce, dokar tarayya Abuja kawai ta shafa. Legas na da tata hukumar mai ba da lasisi. Mu a Zamfara tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura caca laifi ce, Kebbi ma ta bi sahu a 2000, don haka babu gidan caca mai lasisi da zai ɗauke ka a gida, babu kuma alamar za a yi. Duk wanda ya zaɓi ɗakin kamarar caca ya zaɓi zaman Legas ko Abuja, a can ɗin ma manyan gidajen ba su da yawa, irin su na Federal Palace a Victoria Island. Daga mai kallo ka zama sufabaiza, daga nan manajan sashe, to kujerun manaja nawa ne a ƙasar duka? Tsanin gajere ne.

Inda ƙofa take da faɗi shi ne bin sawun kuɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa gidajen caca, har da na intanet, su tantance kwastoma su ajiye bayanin cinikinsa. Kuɗi in ya haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani sai an kai rahoto, wanda kuma ake zargi ko bai kai haka ba sai an sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi. SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ita ke bin su ta ga sun yi. Dalili kuwa na gan shi da idona: mutum zai zo da jaka cike da tsabar kuɗi ya sayi ƙwandaloli, ya ɗan taɓa wasa na minti ashirin kamar mai jiran mota, ya koma wurin kashiya ya ce a tura masa ta akawun, gobe in an tambaye shi ya ce a caca ya ci. Mai wayo kuma ya raba wa yaransa uku kowa ya tsaya ƙasa da miliyan 5. Wagga doka ɗin dai ita ce ta hau kan dillalan motoci da na gidaje da masu otal da masu sayen zinariya, kai kuwa ka san mi zinariya take nufi a Anka da Maru da Bukkuyum. Ilimin ɗaya ne, bankuna da kamfanonin POS duk suna neman mai shi.

Kuma kar ka ɗauka don babu gidan caca a Gusau babu caca. Ta koma cikin waya. A shekarun nan aikin da aka fi kirana a kai shi ne mai shago ko mai POS ya ce lissafi ba ya cika. Wani Alhaji ya rantse mini yaronsa ko allura ba ya ɗauka, na ce to a ciro mini bayanan akawun na wata uku. Na zuba a Excel na jera su da rana da lokaci, sai ga ƙananan tiransifa suna fita duk Asabar da Lahadi daga bayan azahar, da Talata da Laraba da dare, daidai lokutan ƙwallon Turai, duk zuwa asusun kamfanin bet. Dubu biyu, dubu uku, ranar da ya faɗi da yawa sai ka ga ya ninka don ya fanshe. Yaron da aka zaunar da shi kuka ya fashe da shi, ya ce kullum niyyarsa in ya ci ya mayar. Kusan duk haka suke cewa, kuma na yarda har zuciyarsu suke faɗi. Wannan ma binciken caca ne, a ƙofar gidanka.

Maganar halas da haram

Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Caca dai babu mai gardama, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa ta da giya wuri ɗaya. Abin da za ka kai wa malami shi ne matsayin mai tsare ta, kuma don Allah in ka je kar ka ce masa "aikin CCTV ne a otal" don ka samu amsar da kake so. Ka ce masa albashina daga ribar caca zai fito, aikina in tabbatar ribar ba ta zube ba, ana shan giya a wurin, ni ba na sha ba na bayarwa. Sannan ka ce masa akwai wani aikin na hukuma ko na banki mai bin sawun masu cacar. Ka ji mi zai ce a kan kowanne.

Ni dai abin da ya fitar da ni ba wa'azi ba ne. Duk zuwana gida tsohuwa sai ta ce wai otal ɗin nan mi kake yi musu, in ce tsaro, ta ce Allah ya tsare, ni kuma abin ya tsaya mini a wuya har in koma. Sannan wani dare wajen ƙarfe uku na jawo kamara kan wani dattijo mai furfura da ya zo tun magariba, ya cire agogonsa ya ajiye ya mayar, ya fita ya yi waya ya dawo da kuɗi, sau uku. Aikina a lokacin in tabbatar bai saci ƙwandala ba. Bai sata ba. Na rubuta "babu matsala a teburi na huɗu" na tashi na yi asuba. Ban daɗe ba bayan nan na fara neman canji. Akwai musulmin da na bari a can yana ganin uzurinsa daban, yana da iyali, ban isa in yanke masa hukunci ba. Kuma ka tuna ɗaki ɗaya na zauna, na bar shi da daɗewa, na'urori sun canja, yanzu har masu gane fuska ake sawa, don haka maganar albashi da sharuɗɗan yau abokinka zai fi ni sani, ka ce ya nuna maka takardar ɗaukar aiki a rubuce.

In da ni ne kai

Ba zan ce maka talauci wasa ne ba, shekara biyu a zaune na san yadda take. Amma abin da ɗakin zai koya maka, wato haƙurin kallo da rubuta rahoto da adana shaida, ana koyonsa a ɗakin kamarar banki ko babban kanti ko asibiti ko ma'aikata, har otal ɗin ma yana da ɗakin tsaro na gaba ɗaya wanda ba na cacar ba, ka tambayi abokinka ko akwai gurbi a nan. Da HND ɗinka ka riga ka fi yawancin masu nema, abin da ya rage ka iya haɗa kamara da netwok da kanka, ka iya Excel sosai ba na shafa-shafa ba, kuma Turancinka na rubutu ya miƙe don rahoto da shi ake yi. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN na da kwas ɗin nazarin laifuka da tsaro wanda za ka iya yi kana aiki. Satifiket ɗin ƙasa da ƙasa irin CFE na binciken zamba da CAMS na halatta kuɗin haram suna da daraja a banki, amma da dala ake biya, ka bari sai ka samu aiki tukuna. EFCC da 'yan sanda da sibil difens in za su ɗauki ma'aikata suna sanarwa a fili, duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "silot" ɗan damfara ne.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai da ƙarfi: da zarar ka fara neman irin wanga aiki a intanet za ka fara ganin tallan aikin gidan caca a Kambodiya ko Myanmar ko Laos, albashi da dala, tikiti kyauta, masauki kyauta. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, da yawansu da irin wannan tallar aka ja su, suna sauka aka karɓe fasfo. In ka ga irinta ka kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, kar ka tura ko hoton fasfonka.

Kafin ka ba abokinka amsa ka gwada kanka da wani abu. Ka samu mai shagon da ya yarda da kai a Tudun Wada ko tsohuwar kasuwa wanda ke da kamara, ka roƙe shi bidiyon awa biyu na kan kanta da littafin cinikin ranar. Ka kashe wayarka ka zauna ka rubuta duk kuɗin da ya shiga durowa da duk canjin da ya fita, da lokacinsa, ba tare da ka rubuta kalmar "ina ganin" ko sau ɗaya ba, sannan ka gwada da littafin. Ka fara duba agogon na'urar ko ya yi daidai da na wayarka. In ka gama ka turo mini rahoton in duba maka, jan biro na nan.